Fatawa: bashin banki, bada kaka da kayan noma na bashi ga manomin shinkafa

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ƙaramin manomi ne a fadamar Argungu, ina noman shinkafa rani da damina. Noman rani ba ya yiwuwa sai da kuɗi a hannu: man injin ban ruwa, taki, maganin ciyawa, kuɗin masu dashe. Bana ƙofa uku ce a gabana. Wani ƙaramin banki zai ba ni naira dubu 300, in mayar da dubu 360 bayan wata shida. Wani ɗan kasuwa kuma zai ba ni kuɗi yanzu, in ba shi buhunan shanshera idan an yi girbi, wato bada kaka. Sai ƙungiyarmu ta manoma da ta samo wani kamfani mai ba da taki da iri da magani, a biya shi da shinkafa. Wanne ne ya halatta? In duk babu, shin larura ba ta buɗe mini na bankin ba?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Allah ya saka maka da alheri, ɗan'uwa, da ka tambaya kafin ka sa hannu.

Na bankin ba ya buƙatar dogon bayani. Kuɗi aka ba ka, kuɗi za ka mayar da ƙari da aka gindaya tun farko saboda lokaci, wannan shi ne riba da Allah ya haramta a Suratul Baƙara, aya ta 275 zuwa 279. Ƙanƙantar ruwan ba ta canza hukunci. Ko shirin gwamnati na ba manoma bashi, wato Anchor Borrowers, da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a watan Nuwamba 2015, wanda ruwansa a lokacin kashi 9 cikin ɗari ne kawai, sai da Babban Bankin Nijeriya ya fito masa da tsarin da babu ruwa a 2020, domin jama'a da dama ba su natsu da shi ba. Buɗe asusu don ajiya da karɓar kuɗin ciniki, da ladan da mai POS ke karɓa a kan aikinsa, waɗannan ba su shiga wannan hukunci ba.

Inda nake so ka tsaya da kyau shi ne bada kaka, domin mutanenmu sun kasu biyu a kansa. Wasu suna ganin haramun ne kaco-kam, wasu kuma suna yin sa yadda suka ga dama. Asalinsa ciniki ne da shari'a ta sani, sunansa salam ko salaf. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Abbas cewa Manzon Allah (SAW) ya iso Madina ya tarar suna ba da kuɗin dabino tun shekara ɗaya ko biyu kafin a karɓa. Bai hana su ba, sai dai ya ce wanda zai yi haka ya yi shi da ma'auni sananne, da nauyi sananne, zuwa lokaci sananne. Ka ga ke nan mai gona da ke neman jari tun kafin amfani ya nuna, shari'a ta yi masa tanadi tuntuni.

To ina matsalar take? Tana cikin kalmar "buhu". Duk wanda ya taɓa tsayawa inda ake awo ya san buhu suna ya tara: akwai wanda ake cikawa a ɗinke, akwai wanda yaran ɗan kasuwa za su yi ta girgizawa suna dannawa, har a ƙara masa wani ƙyalle a baki kafin a ɗinke. Manomi yana kallo, ba shi da ta cewa, ya riga ya ci kuɗi. Wannan ba ma'auni sananne ba ne. Ku ambaci kilo, ko adadin tiya da kuka yarda da ita ku biyu. Ku ambaci irin shinkafar, Faro 44 ce ko wata, busasshiya kuma sheƙaƙƙiya, da wurin da za a kai ta, da wanda kuɗin mota ke kansa.

Kuɗin kuma dole ya shigo hannunka gaba ɗaya a lokacin ƙulla ciniki. A mazhabarmu ta Malikiyya an yi rangwamen jinkiri na kwana biyu zuwa uku, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, amma ba a yarda ya ba ka rabi yau rabi wata mai zuwa ba, don hakan sayar da bashi da bashi ne. Game da lokaci, Imam Malik ya yarda a ce "zuwa girbi", tunda mutanen gari sun san lokacinsa. Sai dai kada a ɗaure cinikin da gonarka ita kaɗai. Shinkafa mai siffa kaza ce ke wuyanka, ko daga gonarka ko daga kasuwa.

Wannan sharaɗi na ƙarshe yana da nauyi, ba zan ɓoye maka ba. Wanda ya ga ambaliyar 2020 a Kebbi ya san gona kan tafi a dare ɗaya. Idan haka ta faru bashin bai faɗi ba. In kana da hali ka saya ka biya. In ba ka da shi, wajibi ne a jira ka, bisa aya ta 280 ta Baƙara, ko ku warware cinikin ka mayar masa da ainihin kuɗinsa ba ƙari ba ragi. Abin da wasu ke yi, a ce buhu goma na bana ya koma sha biyar baɗi, shi ne ainihin ribar jahiliyya. Ku rubuta komai, ku kafa shaidu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, Ibn Abbas kuma da ita ya kafa hujjar halaccin salam.

Farashin salam ya kan gaza na kasuwa, ba laifi a nan, da shi mai kuɗi ke samun ribarsa. Amma ɗan kasuwar da ya ga ɗan'uwansa a matse ya sare masa farashi zuwa rabin abin da kowa ya sani, ko da cinikin ya cika sharuɗɗa a zahiri, ya ji tsoron Allah. Shawarata a nan ku riƙa yin cinikin a ƙungiyance, don mutum talatin ba a taya musu yadda ake taya wa mutum ɗaya.

Na kamfanin yana da gyara guda. Taki da magani ba abinci ba ne, saboda haka halal ne su zama jarin salam: ka karɓi buhun taki kaza yau, ka ba da kilo kaza na shanshera a kaka, da sharuɗɗan da suka gabata. Iri ne ke ɓata lissafin. Irin shinkafa shinkafa ce, kuma musayar abinci da abinci ba a yin ta da jinkiri, balle jinsi ɗaya da fifiko, wato wani ya fi wani yawa. Na san za a ce ai an shafa masa magani, ba a cin sa. Duk da haka ni ban natsu ba, tunda mafita mai sauƙi ce: a fitar da iri daga cikin yarjejeniyar, ku saye shi da kuɗi hannu da hannu. Kada kuma a ce an ranta muku irin a cikin wannan cinikin, don an hana haɗa rance da ciniki a ƙulli ɗaya. Haka nan a duba takardar da kyau, kada a ce akwai tara da ke hauhawa idan an yi jinkiri.

Akwai ƙofa ta huɗu da ba ka ambata ba. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa sun samu: Jaiz tun 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021. Suna da murabaha, inda banki zai sayi injin ban ruwa ko taki ya mallake shi, sannan ya sayar maka da ribar ciniki sananniya ka biya a hankali. Gaskiya ne hannunsu bai kai ƙauyuka yadda ya kamata ba, kuma takardun da suke nema sukan gagari manomi shi kaɗai. Shugabannin ƙungiyarku su je da sunan ƙungiya, su tambayi salam da murabaha da bakinsu, su kuma tabbatar kayan sun shiga mallakar bankin kafin a sayar muku.

Batun larura kuwa, malamai suna nufin halin da mutum ke tsoron halaka ko cuta mai tsanani, ga shi babu wata hanyar halal. Kai da bakinka ka lissafa hanyoyi biyu da za a iya gyarawa, don haka larura ba ta same ka ba. In jarin bai kai ba, ka rage faɗin gonar bana. Idan kuma ka karɓi kayan ƙungiya ko na wani shirin gwamnati, ka sani bashi ne, ba rabon arzikin ƙasa ba, kuma biyansa wajibi ne.

Wallahu a'alam.