Filtar gas tana yoyo, boksi ta ƙi tashi da asuba

Tambaya:

Assalamu alaikum, Usta. Ina da tsohuwar boksi ƙirar Toyota Hilux mai injin 3L, da ita nake ɗauko buhunan riɗi da dawa daga gonaki zuwa kasuwar Gadarif da ke Sudan. Sati biyu ke nan da wani yaron gareji ya canja mini filtar gas. Tun ranar jikinta bai bushe ba, kullum in na buɗe bonet sai in tarar gas yana ɗiga daga gindinta. Na ƙara ɗaure ta da ƙarfe har sau biyu, ba ta daina ba. Yanzu kuma da asuba motar ba ta tashi sai na yi ta danna famfon hannun nan na saman filta, kuma in na yi lodi na taka totur sai ta riƙa fizga kamar mai zai ƙare. An ce mini turumba, wato famfon da ke tura gas cikin inji, ita ce ta gaji, in shirya kuɗi. Haka ne?

Mai karatu daga Gadarif

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Mayar da kuɗinka aljihu tukuna, kada kowa ya taɓa maka turumba. Motar da take lafiya lau har ranar da aka canja mata filta, inda hannu ya taɓa a nan ake fara dubawa.

Gas ɗin da kake gani yana ɗiga shi ne ƙaramar matsalar. A injin 3L, da 'yan'uwansa 2L da 5L, babu famfon lantarki a cikin tanki da ke turo mai. Turumbar da ke jikin inji, wadda bakanikenmu na Najeriya ke kira injekta, ita ce take zuƙo gas tun daga tanki, ya bi ta cikin filta sannan ya iso gare ta. Ke nan muddin inji na aiki, zuƙa ce a cikin filtar. Duk kafar da gas ya samu ya fito lokacin da mota take a kashe, ta nan iska take shiga lokacin da take tafiya. Da dare kuma iskar ta ci gaba da shiga a hankali, gas ya sulale ya koma tanki, gari ya waye bututu fayau. Abin da ya sa sai ka yi ta dannawa ke nan. Fizgar ma daga nan take: ka taka totur, turumba ta ƙara zuƙa, ta haɗo da kumfa.

Saura gano kafar. Kada gindin filta ya ruɗe ka, ko daga ina gas ya fito a can zai gangara ya taru. Ka bari inji ya huce, ka wanke kan filtar da jikinta da bakunan tiyo biyun da ruwan sabulu, ka goge da tsumma su bushe ƙarau. Ka daka alli ka barbaɗa ko'ina, ko hodar yara in akwai a gida. Sannan ka danna famfon hannu har ya yi tauri, ka ci gaba da danne shi, ka zuba ido tun daga sama. Inda farin ya fara yin duhu, nan ne.

Zargina na farko yana kan zoben robar da ke bakin filta. Sau da yawa idan aka kwance tsohuwa, zobenta yana maƙalewa a jikin kan, yaro bai leƙa ba ya ɗaura sabuwa a kai. Roba ta hau roba, ba za su taɓa zama daidai ba, kuma yawan ɗaurewa ƙara turo ɗaya yake waje. A kakar bara an kawo mini wata boksi da aka naɗe wuyan filtarta da robar tiyub kamar an ɗaure karaya. Da na warware na kwance, ga tsohon zoben nan manne a sama, ya yi baƙi ya bushe kamar ƙirgi, sai da na sa bakin sukundireba na ɓamɓaro shi. Mai motar har ya riga ya ji farashin turumba a wurin masu kayan gyara.

Ƙarfen da ka sa mata sau biyu shi ma ya isa ya lalata sabon zobe. Filtar gas da hannu ake ɗaure ta. A shafa wa zoben ɗan gas, a murɗa ta har ya taɓa mazauninsa, sannan a ƙara kashi uku cikin huɗu na zagaye ɗaya. Shi ke nan. Saboda haka ko da ka tarar zobe ɗaya ne, ni dai ba zan mayar da wannan filtar ba.

Wuri na biyu shi ne gindinta, inda na'urar gane ruwa take, wadda wayoyi biyu ke fita daga jikinta. Ita ce take kunna maka fitila a dashbod idan ruwa ya taru. Ba a sayar da ita tare da filta, daga tsohuwa ake ciro ta a mayar a sabuwa, kuma tana da nata ƙaramin zoben da ya kamata a sabunta duk canji. Yawanci yana cikin kwalin sabuwar filta, yara kan jefar da shi tare da kwalin. Jikin na'urar roba ne, wanda ya sha shekaru yana gasuwa a zafin inji da zafin Sudan, matsa ɗaya da babbar filaya sai ya tsage, tsagar da ba ka gani sai gas ya jiƙa ta. Idan ta tsage a saya wata. Gam da silikon ba sa riƙe gas, farin tef na masu gyaran famfo kuma yana yagewa ya bi mai. A ƙasanta akwai ɗan makunnin zubar da ruwa, ka tabbatar a rufe yake, da yatsu kawai.

Idan allin ya jiƙe a can sama, kewaye da madannin, to faifan robar da ke cikin famfon hannun ne ya tsufa. Alamarsa ta biyu: kana dannawa ba ya tauri, ko ya yi tauri bayan ɗan lokaci ya saki. Wannan gaba ɗayan kan ake canjawa. Na san akwai masu buɗe shi su yi masa dabara, ban taɓa ganin wanda ya kai kaka ta gaba ba.

Tiyo kuwa ka lanƙwasa bakinsu ka gani. In ya yi tsage-tsage, yanke abin da bai wuce faɗin yatsu biyu ba ka mayar, in tsawon ya isa, ka sa kilif na gaske. Wayar ɗauri tana yanka roba.

Yana yiwuwa ka gyara ɗigar amma motar ta ci gaba da wahalar tashi, domin akwai kafar da iska ke shiga gas bai fito ba. Ga gwajin da ba ya ƙarya. Ka samo tiyo garai-garai wanda ake ganin cikinsa, ka sa shi tsakanin filta da turumba na ɗan lokaci, ka tayar da inji. Kumfa kaɗan a farko ba komai, amma in ta ci gaba da wucewa kamar carbi, iska tana shiga. Sai ka cire tiyon da ya zo daga tanki, ka sa wani daga bakin filtar zuwa cikin galan na gas mai tsabta. Kumfa ta ɗauke, laifin yana baya, tsakanin tanki da filta, ka bi bututun ƙarfen ƙarƙashin mota inda laka take manne masa yana tsatsa. Ba ta ɗauke ba, yana kan filtar. Kada ka bar wannan tiyon a jiki, bai jure zafi da gas ba.

Da yake aikin gona kake, na san ba kullum ne kake shan gas a gidan mai ba, wani lokaci daga duro ne. Duro yana tara ruwa da tsatsa a ƙasansa. Su ne suke toshe filta da wuri, filtar da ta toshe kuma tana sa turumba ta ƙara zuƙa, har kafar da da ba ta isa komai ba ta fara shan iska. Ka bar duro ya kwana a tsaye kafin ka ɗiba, kada tiyonka ya taɓa gindinsa. Sannan kada ka yarda a cika sabuwar filta da gas ɗin duro kafin a ɗaura ta don a rage wahalar dannawa, abin da aka zuba ta ramin tsakiya kai tsaye yake wucewa turumba ba a tace ba. A ɗaura ta a bushe, a danna famfon har ya yi tauri. Wajen tayarwa kada ka riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10 zuwa 15, ka huta, ka sake danna famfon, in ba haka ba ka ƙara da kuɗin batir da sitata.

Kada ka ja lokaci da gyaran. Gas ba ya kama wuta da sauri kamar fetur, amma in ya ɗiga a kan salansa mai zafi yana kamawa, kuma yana kumbura duk robar da ya daɗe a kai, har tiyon ruwan lagireto.

Idan ka yi duk wannan, tiyon gwaji ya nuna gas zalla babu kumfa, motar ta kwana ta kuma ƙi tashi, a duba hita na inji huɗun nan, masu ɗumama cikinsa kafin ya tashi, kafin komai. Sai in su ma lafiyarsu lau, ko ka ga gas yana tsatsafowa daga jikin turumbar kanta, musamman ta saman inda sandar totur ta shiga, sannan a kai ta wurin masu injin gwada turumba.