Shin ƙwaƙwalwar karatu gadonta ake yi, kuma daga wane ɓangare?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. 'Ya'yana maza biyu ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Babban shi ke zuwa na ɗaya a ajinsu, ga hadda a Islamiyya. Ƙaramin shekararsa 9, yana aji uku, har yanzu bai iya haɗa baƙi ba, alhali yana da wayo a hira, kuma ba a cutarsa a lissafin kuɗi. Dangin mijina sun ce ƙwaƙwalwar danginmu ya gado, wai ɗa daga uwa yake ɗauko basira, don haka a cire shi a kai shi koyon sana'a. Gaskiya ne? Daga wata uwa a Ƙofar Marusa, Katsina.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Allah ya raya miki su, ya yi musu albarka. Tun kafin in yi nisa, kada a cire yaron nan daga makaranta, kuma ki daina ɗora wa kanki laifi.

Maganar cewa daga uwa kaɗai ake gadon basira ta yi yawo sosai a Facebook da WhatsApp, amma ba ta da tushe. Kowane ɗan Adam yana ɗauke da ƙunshin gado 46 da ake kira kuromosom, 23 daga uwa, 23 daga uba. Babu wata ƙwayar gado guda ɗaya da za a nuna a ce ita ce ta ƙoƙari a aji. A 2018 masu bincike sun duba bayanan gadon mutane sama da miliyan ɗaya, suka gano wurare 1,271 a cikin ƙunshin gadon da ke da alaƙa da nisan da mutum ya yi a karatu. Kowane wuri tasirinsa ɗan mitsitsi ne, kuma a warwatse suke cikin rabon uwa da na uba. Ko da aka tattara su duka, abin da suka iya bayyanawa bai wuce kashi 11 zuwa 13 cikin ɗari na bambancin da ke tsakanin mutane ba. A kowane ciki kuma sabon rabo ake yi, shi ya sa wa da ƙane suke tarayya a kusan rabi kawai na abin da ke bambanta mutane. Bambancin 'ya'yanki biyu abu ne da ake gani a kowane gida.

Ba zan ce miki gado ba ya tasiri ba, yana yi. A Ingila, Farfesa Robert Plomin da abokan aikinsa sun bi dubban tagwayen da aka haifa daga 1994 zuwa 1996 har suka girma. Sun kwatanta tagwaye masu kama ɗaya da waɗanda ba su yi kama ba, suka ga kusan kashi 60 cikin ɗari na bambancin sakamakon jarrabawar gama sakandare yana da nasaba da gado. A nan ne mutane da yawa ke yi wa alƙaluman gurguwar fahimta. Lissafin yana magana ne a kan bambancin da ke tsakanin dubban yara, ba ya yanke wa yaro ɗaya hukunci. Sannan an yi shi ne a ƙasar da kusan kowane yaro yake ƙoshi, yake da malami da littafi. Inda aka daidaita waɗannan, dole abin da ya rage na bambanci ya karkata ga gado. A 2003 wani masani a Amurka, Eric Turkheimer, ya nuna cewa a gidajen talakawan da ya bincika, halin da yaro ya tashi a ciki ya rinjayi gado nesa ba kusa ba.

Mu a nan, abubuwan da ke danne basirar yaro suna da yawa, kuma abin da ke ci mini rai shi ne yawancinsu ana iya kauce musu. Rashin abinci mai gina jiki daga ɗaukar ciki zuwa shekara biyu, ƙarancin jini, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, ƙarancin sinadarin aidin wanda saboda shi Najeriya ta wajabta sa shi a gishiri tun 1993. Ga gubar dalma: a maƙwabciyarmu Zamfara ta kashe yara sama da 400 a 2010, ta bar wasu da raunin ƙwaƙwalwa, kuma irin kwallin dutsen da ake sa wa jarirai yakan ƙunshi dalma. Ƙara da aji cike maƙil da malami ɗaya. Yaro nawa aka kira daƙiƙi alhali allo ne ba ya gani?

Yadda kika siffanta ɗanki, mai wayo a baki da lissafi amma baƙaƙe na ba shi wuya, ya sa na yi tunanin wata matsala da ake kira disileksiya. Ba zan tabbatar ba sai an gwada shi. Matsala ce ta haɗa sautin magana da harafin da ke wakiltarsa, ba ta da alaƙa da ƙarancin hankali. Takan bi dangi, don haka ki bincika ɓangarorin biyu, wataƙila akwai kawu ko baffa da karatu ya wahalar da shi yana yaro. To ko da gado ne, wannan bai rufe ƙofa ba. Rashin gani daga nesa ma ana gadonsa, tabarau kuma yana gyara shi.

Ki kai shi sashen yara a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina ko babban asibiti mafi kusa da ku. A auna idonsa da kunnensa, a duba yawan jininsa, a kuma yi gwajin sikila idan ba a taɓa yi ba, domin sikila takan toshe ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa ba tare da wata alama a fili ba sai dai a ga karatu ya ja baya. Ki gaya wa likita idan ya taɓa suma ko jijjiga, ko ya yi jinkirin fara magana.

A gida kuma, a samu mai haƙuri ya riƙa zama da shi kamar minti 20 kullum. A fara da Hausa, domin yadda ake furta ta haka ake rubuta ta: ba, bi, bu, sannan a haɗa su su zama kalma, yana faɗa yana rubutawa da hannunsa. Turanci ya biyo baya. A ajiye bulala, a daina kwatanta shi da yayansa a gabansa, ki roƙi malaminsa ya dawo da shi layin gaba.

Sana'a abin alfahari ce, yana iya zuwa shago ranakun da babu makaranta. Amma tela da kafinta ma suna bukatar karanta awo da rubuta sunan mai kaya. Ki zauna da maigidanki ku biyu ki nuna masa wannan amsar, shi ya fi dacewa ya yi wa danginsa bayani. Bayan wata uku da fara zaman karatun, ki sake rubuto mini abin da kuka gani da abin da gwajin ya nuna.