Amsa ga yarona kan masu bugo waya da sunan gyaran kwamfuta

Ɗana, tambaya biyu ka yi mini muna rufe shago, na ce ka bari in zauna in rubuta, don sauran yaran da ke koyon wannan sana'a a nan Sakkwato su ma su amfana. Ka ce, mutanen nan da ke bugo waya suna cewa daga kamfanin Microsoft suke, ta yaya suke gane kwamfutar mutum tana da matsala? Sannan in kastoma ya kawo laftof bayan ya riga ya bar su sun shiga, fomatin za mu yi mata nan take, wato mu goge komai mu sa Windows sabuwa, ko yaya?

Ta farkon ba ta da tsawo. Ba su san komai ba. Jerin lambobin waya ne a gabansu, suna bi ɗaya bayan ɗaya, kuma duk wanda ya ɗauka magana guda ake karanta masa. Yawancin kwamfutoci Windows ce a kansu, kuma da wuya ka sami mai kwamfutar da ba ya kukan ta yi nauyi, don haka in sun yi ta kira dole su dace da wanda maganar za ta shige shi. Kamar mutum ne da bai taɓa wuce zauren gidanka ba ya tsaya a ƙofa ya ce rufin ɗakin uwargida na yoyo, ka miƙo makulli ya duba. Microsoft da bakinsa ya sha sanarwa cewa ba ya kiran kowa haka kawai don gyara, kuma saƙon gargaɗinsa na gaskiya ba ya zuwa da lambar waya a jiki.

Damfarar ta daɗe. Tun wajen 2008 ake yin ta, an fi kai wa mutanen Amurka da Ingila da sauran ƙasashe masu jin Turanci. Hukumar bincike ta Amurka, FBI, ta ce a 2023 kaɗai asarar da aka kai mata ƙara a kan irin wannan ta haura dala miliyan 900, fiye da rabinta kuma daga aljihun waɗanda suka wuce shekara 60 ta fito. A watan Oktoba na shekarar hukumar bincike ta Indiya ta kai samame a ofisoshin da ake buga irin wannan waya, bayan ƙorafin da Microsoft da Amazon suka shigar. Mu a nan ba kullum take zuwa da sunan Microsoft ba. Ta fi zuwa da sunan kastoma kiya na banki ko na kamfanin layi, a ce manhajar bankinka ta sami tangarɗa, ko za a rufe maka layi saboda NIN, ko na'urar POS ɗinka na son sabuntawa. Wani ma da Hausa tsantsa zai yi maka magana, da sallama da gaisuwa da "ranka ya daɗe". Lambar da ta fito a wayar kuwa ba shaida ba ce, don akwai hanyar da suke sa wata lamba daban ta bayyana.

Abin da nake so ka iya da hannunka shi ne dabarun da suke tsorata mutum da su, domin ranar da kastoma zai zo yana rantsuwa cewa da idonsa ya ga cutar, kai ne za ka kwantar masa da hankali. Gobe ka ɗauki kowace kwamfuta mai lafiya a shago, ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta eventvwr. Event Viewer zai buɗe. Littafi ne da Windows ke rubuta duk abin da ya faru a cikinta, babba da ƙarami, kuma za ka tarar da alamomi ja da rawaya jere ba iyaka. Haka kowace kwamfuta take, har wadda ba ta daɗe da fitowa daga kwali ba. Mu da wuta ke ɗaukewa ba sallama, kusan duk kwamfutar teburi a garin nan tana da jan rubutu na Kernel-Power mai lamba 41, ma'anarsa kawai ta mutu ba a kashe ta yadda ya kamata ba. To wannan jan ne ɗan damfara ke sa mutum ya buɗe, ya ce masa ƙirga, duk bairos ne. Malamin makaranta da sakamakon ɗalibansa ke cikin laftof ɗin, ko mai shagon rijistar JAMB a tsakiyar lokacin rijista, in ya ga haka gabansa faɗuwa yake yi.

Akwai ta biyu da ta fi wannan kama hankali. Sai su ce za su tabbatar maka sun san kwamfutarka, ka buɗe baƙin allon nan na cmd ka rubuta assoc. Rubutu zai zubo, can kusa da ƙarshe akwai doguwar lamba da ta fara da 888DCA60. Mai kiran zai karanto maka ita daga can, harafi bayan harafi, ya ce lambar lasisinka ce. Mutum ya duba ya ga daidai, sai ya sallama. Alhali lambar nan iri ɗaya ce a kowace Windows, ta wani ƙaramin aiki ce na matse fayil. Ka gwada a kwamfuta uku ka gani. Haka nan netstat, da ke nuna wuraren da kwamfuta ke magana da su a intanet, su ce ga ɓarayin nan sun shigo.

Duk wannan wasan share fage ne. Inda suka dosa shi ne a sauke AnyDesk ko TeamViewer ko UltraViewer, ko a buɗe Quick Assist da ke zuwa da Windows, wato manhajojin da ke ba mutum damar sarrafa kwamfuta daga nesa, a karanta musu lambar da ta fito ko a shigar da wadda suka bayar, a danna amincewa. Manhajojin nan ba su da laifi, mu ma da su muke taimaka wa kastoman da ke Illela ko Tambuwal ba sai ya hau mota ba. Amma wanda aka buɗe wa ya zama tamkar yana zaune a gaban kwamfutar. Yana ganin kalmomin sirrin da burauza ta adana, yana iya kwashe takardu, yana iya baƙanta allon ya yi abin da ya ga dama mai kwamfutar na kallon duhu. A da har kulle Windows suke yi da wani abu da ake kira syskey, su ce sai an biya, har Microsoft ya cire shi daga Windows 10 a 2017. A waya kuma abin ya fi sauƙi: a kira ka bidiyo ta WhatsApp, a ce ka danna nuna allo don a taimaka maka, lambar OTP ta faɗo a saman allon, ya karanta kafin kai ka karanta.

Wadda ta fi ba ni takaici ita ce ta mayar da kuɗi, don kirkin mutum take amfani da shi. Su ce an cire maka kuɗi bisa kuskure za a mayar, ka shiga asusunka su gani. Sai su sauya rubutun da ke shafin bankin a allonka, ko su matsar da kuɗinka daga wani asusunka zuwa wani, ya zama kamar sun turo fiye da kima. Daga nan sai magiya, wai za a kore shi daga aiki, don Allah ka maido da rarar. Mai tsoron cin haƙƙin wani ya yi tiransifa da hannunsa, daga guminsa.

Kafin in zo tambayarka ta biyu, akwai wanda zai shigo da laftof tana ƙara, allon ya cika da gargaɗi da lambar waya, amma bai kira ba tukuna. Wannan shafin intanet ne kawai ya baje ya rufe allo. Ka riƙe Esc ko ka danna F11, in ya ƙi ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka kashe burauzar daga Task Manager, kuma in ta sake buɗewa kada ka yarda ta maido da shafukan baya. Ka shiga saitinta ka cire shafukan da aka ba izinin turo sanarwa. Aikin minti kaɗan ne. Kada in ji ka ce wa irin wannan mutum sai an yi fomatin don ka karɓi kuɗi mai yawa. Wanda ya tsorata kastoma da cutar da babu don ya ci kuɗinsa, aikinsa da na mai bugo wayar ɗaya ne, kuma ba a shagona ba.

To, wanda ya riga ya buɗe musu fa? A nan yara da yawa ke kuskure, don hannunsu na ƙaiƙayin sukudireba da filashin Windows. Kuɗin mutum ake fara ceta, kwamfuta ta jira. Ka kashe mata intanet, ka ajiye ta gefe, ka ba shi kujera. Zai zo a ruɗe, yana "mi za ni yi yanzu, wanga mutum ya cuce ni". Kada ka yi dariya, kada ka ce "kai ma dai Alhaji", kada ka bar sauran yara su taru a kansa. Mutumin da aka kunyata ɓoye rabin labarin yake yi, rabin da ya ɓoye kuwa shi ne mai muhimmanci. Ka tambaye shi a hankali: ya shiga asusun banki suna ciki? Ya karanta musu lambar katin ATM, ko PIN, ko OTP, ko BVN? Ya ba da lambobi shida na WhatsApp? In ɗaya daga ciki ta faru, a take ya kira bankinsa ta lambar da ke bayan katinsa, ko ya hau kabu-kabu ya je reshe da ƙafarsa, a toshe katin da asusun. Kuɗin da aka sata ba sa kwana wuri ɗaya, ana rarraba su cikin wasu asusu a cire, don haka sa'a guda tana da tsada. In kuma layinsa ya ɗauke haka kawai bayan kiran, ya garzaya ofishin kamfanin layin, don mai yiwuwa an yi wa layin welkom bak a wani wuri, wato an fitar da sabon sim da lambarsa, alat da OTP duk sun koma hannun wani.

Bayan banki sai kalmomin sirri, kuma daga wata na'ura mai tsabta za a sauya su, ba daga wadda aka shiga ba. Imel ake fara wa, tunda ta nan ake sake buɗe sauran. Ka duba ko an saita imel ɗin yana tura kwafin wasiƙu wani adireshi, mutane kaɗan ke tuna wannan. Ka kunna masa tabbatarwa mai mataki biyu a imel da WhatsApp da Facebook. Shi zai rubuta kalmar da hannunsa, kai ka kau da kai.

Sai yanzu ka juyo ga kwamfutar, kuma har yanzu ba fomatin ba. Ka fara ɗaukar shaida: hoton lambar da ta kira, saƙonnin, alat, da lambar asusun da aka tura kuɗi. AnyDesk da TeamViewer suna ajiye ɗan fayil da ke nuna wanda ya shigo da lokacin da ya shigo, ka kwafe shi. In ka goge wannan, ka aika mutum wurin 'yan sanda ko ofishin EFCC na nan Sakkwato hannu rabbana. Akwai dokar laifukan intanet ta 2015 da ta shafi irin wannan, kuma ƙorafin da ya danganci layi ana kai shi ga NCC ta 622 kyauta. Sannan ka jera manhajojin da ke kai bisa ranar da aka saka su, ka ga abin da ya shigo ranar kiran, ka duba ko an sa wa AnyDesk kalmar sirrin da ke barin a shigo ba tare da neman izini ba, ko an ƙirƙiri sabon mai amfani. Ra'ayina, duk kwamfutar da baƙo ya zauna a cikinta ya yi abin da ba mu gani ba, a kwashe takardu da hotuna, a bincike su, a sa mata Windows sabuwa. Cire AnyDesk kaɗai ba ya ba ni natsuwa, musamman ga mai harkar kuɗi a kanta.

Kafin ya fita ka gargaɗe shi cewa za a sake kira. Wanda ya taɓa biya sunansa na zagayawa a hannunsu, kuma kira na biyu yakan zo da sunan hukuma ko lauya, wai an kama ɓarayin, ya biya wani abu a sako masa kuɗinsa. Ya kashe wayar kawai. Kai ma in sun kira ka, ban yarda ka tsaya jan su da wasa ko zagi ba. Tsawaita hira na nuna musu layin yana aiki kuma mai shi na sauraro. Ka kashe, ka toshe lambar.

Game da namu amfani da AnyDesk, ga ƙa'idar shagon nan. Kastoma ne zai kira mu, ba mu za mu kira shi mu ce na'urarsa na ciwo ba. Ya rufe manhajar banki da imel kafin mu shiga, yana kallon allo har mu gama, in mun gama ka sa shi ya cire manhajar yana kan layi, ka ji ya ce ta fita kafin ka ajiye wayar.