Makaho zai iya ɗora Ubuntu Studio da kansa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai larurar gani ne a Daura, ina ɗaukar karatun malamai da tallan 'yan kasuwa, ina tacewa a HP mai Windows da NVDA, manhajar da ke karanta mini allo da murya. An ce mini Ubuntu Studio, wani nau'in Linux da ake ɗorawa a madadin Windows, kyauta ne, kuma don aikin sauti aka yi shi. Zan iya ɗora shi ba tare da mai ido ba?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Za ka iya, amma kada ka fara da Ubuntu Studio ɗin kansa. Tun fitowar 20.10 a 2020 ya koma kan teburin KDE Plasma (tebur shi ne fuskar da ake sarrafa kwamfuta da ita), ita kuwa Orca, wato takwarar NVDA a Linux, ta fi sakin baki a kan teburan MATE da GNOME. Ka ɗora tsarin da ke magana tukuna, kayan sauti su biyo baya.

Mun fi ba da shawarar Debian, wani nau'in Linux, don tun tambayar farko yake magana. Sauko da babban fayil ɗin ɗora shi na DVD, kar ka ɗauki ƙaramin da ke jan komai daga intanet, kada netwok ya yanke maka ana tsaka da aiki. Rubuta shi a filashi mai giga 8 da manhajar Rufus, wadda NVDA ke karantawa lafiya. Kwashe duk aikinka zuwa wani wuri, ka cika batir, don ba a dogara da wutar NEPA a irin wannan rana.

Wuri ɗaya ne kwamfuta ba ta magana: lokacin tashi. A HP ana danna F9 da zarar an kunna, a Dell F12. Nan ka sa wani ya karanta maka jerin sau ɗaya, ko ka haska allon da Be My Eyes, manhajar waya da ke haɗa makaho da mai ido, ka haddace sau nawa ake sauka kafin a kai kan filashi. Da allon Debian ya fito, danna s sannan Enter. Wasu kwamfutocin kan yi ƙara a nan, laftof da yawa ba sa yi, don haka jira kamar daƙiƙa 15 ka danna. Idan akwai katin sauti fiye da ɗaya, zai gwada su bi da bi, ka danna Enter a kan wanda ka ji. Zare katin sauti na USB kafin ka fara, ka huta. Tambayoyin da lamba suke zuwa: ka rubuta lambar, ka danna Enter. Wajen zaɓen tebur, ɗauki MATE.

Matakin raba faifai shi ne mai haɗari. Lamba ɗaya ka kuskure, Windows ya tafi da karatun shekara da shekaru. Abin da ya fi, sayi sabon faifai na SSD mai giga 256, a cire tsohon faifan a ajiye, a ɗora a kan sabon. In Orca ta yi shiru bayan an gama, Super (maɓallin Windows) da Alt da S ke tayar da ita.

Yanzu ga inda mutane ke cewa Linux ya lalace. JACK, tsohon injin rarraba sauti na situdiyo, idan ya kama kati riƙe shi yake yi shi kaɗai. Orca na magana, amma ba ta da ƙofar fita, sai ka zauna cikin shiru ba ka san inda kake ba. Maganin biyu ne, kuma a haɗa su ya fi. Ɗora pipewire-audio da pipewire-jack, domin PipeWire, sabon injin rarraba sauti, na barin murya da ɗauka su bi kati guda. Sannan raba musu hanya: Orca a katin cikin laftof ta abin kunne, makirufo da sifikun situdiyo a katin USB. Haka kuma muryarta ba za ta faɗa cikin karatun malam ba. Umarnin arecord -l zai lissafa maka katunan ɗauka. Saka sunan da kake shiga kwamfuta da shi a rukunin audio da sudo usermod -aG audio sunanka, ka fita ka sake shiga. A saitin sauti, fara da saurin ɗauka 48000 da bafa 256 (bafa ita ce guntun sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta tura), jinkirin wajen milisakan 5 ne. In kana jin ƙas-ƙas, kwamfutar ce ba ta cika bafar a kan lokaci, ɗaga zuwa 512. Mai ɗaukar wa'azi ba ya ma jin bambancin.

Sai dai a faɗi gaskiya kan manhajojin tacewa. Ardour, wanda Ubuntu Studio ke taƙama da shi, zane ne kusan duka, Orca ba ta gane shi. Audacity ya fi biyayya ga NVDA a Windows fiye da Orca. OSARA, ƙarin da ya buɗe wa makafi manhajar tace sauti ta Reaper, Windows da Mac kawai yake yi. Ƙarfin Linux a wurinka yana tagar umarni: SoX da ffmpeg na yanka, daidaita ƙarar murya da juya fayil ɗari zuwa MP3 da layi ɗaya, Nama kuma na haɗa layukan sauti da rubutaccen umarni. Ga tafsirin azumi da ake son a tura wa jama'a ta WhatsApp a daren, wannan ya wadatar. Tallan da ke da kiɗa da muryoyi uku kuwa, mayar da tsohon faifanka ka yi shi a Reaper.