Hukuncin shan taba siga mai tsada don nishaɗi da shiga fafutukar haƙƙin masu shan taba

Tambaya:

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta malam, ni ba mashayin sigari ba ne, amma ina sha'awar taba siga, wato naɗaɗɗen ganyen nan mai kauri da ake yi da hannu a Kuba da Nikaragua. Ina da akwatin ajiyarta, ina shan ɗaya ko biyu a mako, kuma ba na zuƙar hayaƙin zuwa ƙirji, a baki nake juya shi in fesar. Babu takarda a jikinta, babu abubuwan da ake zuba wa sigari. Shin hukuncinsu ɗaya? Sannan abokaina sun kafa ƙungiyar kare haƙƙin masu shan taba, suna neman a sassauta dokar hana sha a wuraren taruwar jama'a, a kuma rage haraji. Ya halatta in shiga in ba da gudummawa? Idan haramun ce, yaya zan yi da waɗanda ke cikin akwatina?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalansa da sahabbansa. Allah ya saka maka da alheri, ɗan'uwa, da ka faɗi yadda abin yake ba tare da ɓoye komai ba.

Abin da ya rinjaya a wurinmu shi ne shan siga haramun ne kamar shan sigari, tsadarta da kyawun naɗinta ba su fitar da ita daga wannan hukunci ba. Amma tunda malamai sun ce hukunci a kan abu reshe ne na fahimtarsa, bari mu fara da ita kanta sigar.

Ana shanya ganyen taba a rumfuna na tsawon makonni, sannan a jibge shi tuli-tuli ya ɗauki zafin kansa ya tsumu, ana juya shi lokaci zuwa lokaci, daga nan a ajiye shi ya kwana biyu. Mai naɗi yana haɗa kashi uku: ganyen ciki, ganyen da ke ɗaure shi, da ganyen rufi na waje mai santsi. Gaskiya ka faɗa, babu takarda. Sai dai cutar taba tun asali daga ganyen take da kuma ƙona shi. Wannan tsumawar da masu sha'awa ke yabawa saboda ƙamshi, ita ce ke ƙara yawan sinadaran nitrosamin, waɗanda suke cikin manyan masu haddasa ciwon daji a taba. Ganyen rufin kuma bai kai takardar sigari barin iska ta ratsa ba, don haka ƙunar ba ta cika sosai, hayaƙin sai ya fito da iskar guba ta kabon monoksaid mai yawa. Karan sigari bai cika kai giram 1 na taba ba. Babbar siga kuwa tana ɗauke da giram 5 zuwa 20, tana ci da wuta awa ɗaya ko biyu. Saboda haka "ɗaya a mako" da ka ce, a ma'aunin ganye, tana iya kusantar kwalin sigari guda.

Maganar rashin zuƙa ita ce ta fi buƙatar a tsaya a kanta, domin da ita mafi yawan masu siga suke kwantar wa kansu hankali. Hayaƙin sigari yana da ɗan tsami, nikotin ɗinsa, wato sinadarin da ke kama jikin mai sha, sai ya isa huhu yake shiga jini da kyau, shi ya sa mai sigari yake zuƙa. Hayaƙin siga ya fi karkata ga ɗabi'ar kanwa, nikotin ɗinsa yana ratsa fatar cikin baki kai tsaye. Ke nan mai siga yana samun nikotin ɗinsa ko da bai zuƙa ba, kuma wannan ne ya sa bai ji buƙatar zuƙar ba tun farko. Leɓe da harshe da dasashi da maƙogwaro suna jiƙe da hayaƙin tsawon awa guda, yawun da ya kwashe sinadaran kuma ana haɗiye shi ya bi hanyar abinci. Cibiyar binciken ciwon daji ta Amurka ta fitar da rahoto na musamman a kan siga a 1998, kuma abin da ya tabbata shi ne tana haddasa ciwon dajin baki da na maƙogwaro da na hanyar abinci da na huhu. Wanda ya taɓa zama mashayin sigari kafin ya koma siga, galibi yana zuƙa bai sani ba, saboda jiki ya riga ya saba.

Adalci ne mu faɗi cewa wanda yake sha jefi-jefi ba tare da zuƙa ba, haɗarinsa bai kai na mai shan kwalin sigari kullum ba, musamman ta ɓangaren huhu. Ba mu ɓoye wannan. Amma likitoci ba su san wani adadi na hayaƙin taba da za su ce wa mutum ya sha lafiya lau ba, kuma nikotin abu ne mai kama jiki, ɗaya a mako tana komawa ɗaya bayan kowane abincin dare ba tare da mutum ya yanke shawarar hakan ba. Shari'a ba ta gina hukunci a kan mutum guda da ya tsira, tana duba abin da ya fi aukuwa ga jama'a, kuma tana toshe kafar da ke kai wa ga ɓarna.

Wataƙila abokanka su ce maka akwai malaman da suka halatta taba. Haka ne. Taba ta shigo ƙasashen Musulmi wajen shekara ta 1000 bayan hijira, babu nassi da ya ambace ta da suna, sai malamai suka yi saɓani. Shaihu Aliyu al-Ajhuri na mazhabar Malikiyya da Ahmad Baba na Timbuktu da Abdulgani an-Nabulusi sun tafi a kan halacci, Ibrahim al-Laƙƙani, shi ma Bamalike, ya tafi a kan hani, wasu suka tsaya a karhanci. Amma a duba abin da masu halattawar suka dogara da shi: sun ce asalin abubuwa halacci ne, taba ba ta gusar da hankali, kuma cutarta ba ta tabbata ba. Su da kansu sun yarda cewa wanda ta tabbata tana cutar da shi, ta haramta gare shi. A zamaninsu babu wanda ya san alaƙarta da ciwon daji. Wannan ya fito fili ne a tsakiyar ƙarni na 20, har babban likitan gwamnatin Amurka ya fitar da sanannen rahotonsa a 1964. A yau Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa taba tana kashe sama da mutum miliyan 7 a shekara, fiye da miliyan 1 daga cikinsu ba masu sha ba ne, hayaƙin wasu suka shaƙa. Sharaɗin da magabatan suka gindaya ya cika, don haka ɗauko fatawarsu a yau a jingina ta ga siga zalunci ne a gare su. Shi ya sa Shaihu Ibn Baz da Ibn Usaimin da Yusuf al-Ƙardawi da hukumar fatawa ta Masar duk suka tafi a kan haramci.

Dalilin kuwa a bayyane yake. Allah yana cewa: "Kada ku jefa kanku da hannuwanku zuwa ga halaka" (Baƙara: 195), yana cewa: "Kada ku kashe kanku, lalle Allah mai jinƙai ne a gare ku" (Nisa'i: 29). Ya siffanta Annabinsa da cewa yana halatta musu daɗaɗan abubuwa, yana haramta musu munana (A'araf: 157). Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce: "Babu cuta, babu cutarwa," Malik da Ibn Majah suka ruwaito. Sai kuma batun dukiya, wanda a siga ya fi na sigari nauyi. Ban da kuɗin ita kanta, ga akwatin katako mai riƙe danshi wajen kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari, ga na'urar auna danshin, ga kula da zafi kada ya wuce digiri 21 ko makamancin haka ƙwarin taba su ƙyanƙyashe su huda ganyen, ga almakashin yanka kai, ga ƙyastu na musamman. Duk wannan hidima ƙarshenta a cinna wa abin wuta. Allah ya kira masu almubazzaranci 'yan'uwan shaiɗanu (Isra'i: 27), kuma a hadisin Tirmizi za a tambayi bawa dukiyarsa ta ina ya samo ta, a ina ya kashe ta, da jikinsa a me ya ƙarar da shi. Wadata ba ta ɗauke wannan tambaya daga kan mai ita.

Mu koma kan ƙungiyar. A nan dole a rarrabe, domin mai shan taba yana da haƙƙoƙi na gaske waɗanda Musulunci ya riga kowace ƙungiya kare su. Musulmi ne, zunubinsa bai fitar da shi daga addini ba, sallarsa ta inganta, sallah a bayansa ta inganta, shan taba ba ya warware alwala ko da yake yana karya azumi. Ba a zaginsa, ba a tsine masa. Bukhari ya ruwaito cewa an kawo wani sahabi da aka sha hukuntawa kan shan giya, wani ya tsine masa, sai Annabi ya hana, ya shaida masa da son Allah da Manzonsa. Idan haka aka yi wa mai giya, ina ga mai taba? Ba a leƙa abin da yake yi a ɓoye cikin gidansa, domin Allah ya hana bin diddigin asirin mutane (Hujurat: 12). Ba a hana shi magani in ya kamu da ciwo wai don shi ya jawo wa kansa, ba a tauye masa albashi ko gado ko haƙƙin maƙwabtaka. Yana kuma da haƙƙin a taimake shi ya daina cikin mutunci. Da ƙungiyar a kan waɗannan ta tsaya, da mun ce ka shiga, har ka samu lada.

Amma abin da ka ce suna nema wani abu ne daban. Sassauta dokar wuraren taruwa yana nufin ma'aikacin da ke hidima a ɗakin cin abinci, da mai juna biyu, da mai ciwon asma, su shaƙi abin da ba su zaɓa ba. Siga guda tana cika ɗaki da hayaƙi fiye da karan sigari nesa ba kusa ba, saboda yawan ganyenta da daɗewarta tana ci. Ware ɓangaren masu sha a ɗaki ɗaya ko kunna na'urar zuƙe iska ba ya kawar da cutar, rahoton babban likitan Amurka na 2006 ya tabbatar da haka. Annabi ya umarci wanda ya ci ɗanyar tafarnuwa ko albasa ya nisanci masallaci, alhali halal ne, wari kawai suke da shi. Hana hayaƙin da ke sa ciwo a wurin jama'a ya fi cancanta, kuma shugaban da ya kafa irin wannan doka ya yi abin da ke cikin hurumin maslahar da aka ɗora masa, bin ta wajibi ne. Neman rage haraji kuma manufarsa taba ta yi araha, alhali tsadar farashi tana cikin abubuwan da suka fi hana matasa farawa. Ba da kuɗi ko sa hannu ko yaɗa kiran wannan fafutuka ya shiga ƙarƙashin faɗin Allah: "Kada ku taimaki juna a kan zunubi da ƙetare iyaka" (Ma'ida: 2). Haka ɗora hotunan siga da yabon ɗanɗanonta a kafafen sada zumunta, talla ce ko da ba a biya ka ba. Idan aka kafa maka hujja da hukuncin wata kotun tarayya a Amurka na 2023 da ya cire siga mai tsada daga ƙarƙashin ƙa'idojin hukumar abinci da magunguna ta ƙasar, ka sani kotun ta yi magana ne a kan yadda hukumar ta bi wajen kafa ƙa'idar, ba ta ce siga ba ta cutarwa ba.

Waɗanda ke cikin akwatinka, kada ka sayar, kada ka yi kyauta da su, domin a hadisin Abu Dawud idan Allah ya haramta abu ya haramta kuɗinsa. Kada kuma ka ce bari ka shanye su tukuna. Ka farfasa su ka jiƙa da ruwa, ka ƙulle a leda ka zubar inda yaro ko dabba ba za su kai ba, saboda ganyen taba guba ne ga wanda ya ci. Akwatin kansa katako ne mai tsarki, ka shanya shi warin ya fita ka riƙa ajiye wani abu a ciki.

Idan ka ji ƙunci ko saurin fushi ko rashin barci bayan ka daina, alamar nikotin ya riga ya kama ka ne. Abin ya fi tsanani a kwanaki 3 na farko zuwa mako guda, yana sauƙi cikin makonni 2 zuwa 4. Ya halatta ka yi amfani da cingam ɗin nikotin ko filastar da ake mannawa a fata a matsayin magani, bisa shawarar likita, shi zai auna maka adadin da ya dace da yadda kake sha. Ga mai siga, abin da ya fi mayar da mutum baya shi ne zaman da aka saba yi da ita, don haka ka ƙaurace wa majalisar shan na wani lokaci ba tare da ka yanke zumunci da abokanka ba, ka gaya musu dalilinka cikin ladabi. Sannan ka je likitan haƙori ya duba bakinka. Duk wani farin tabo ko ja a harshe ko cikin kumatu, ko gyambon da ya wuce makonni 3 bai warke ba, ko dushewar murya da ta ƙi tafiya, kada ka jinkirta nuna shi ga likita.

Allah ya sauƙaƙa maka, ya musanya maka da abin da ya fi ta alheri. Allah ne mafi sani.