Amsa ga Kawu: Abin da Ke Kawo 'Yan Takara Masallatanmu na New York

Kawu, Allah ya ƙara girma. Na saurari saƙon da kuka turo bayan kun ga hoton Baturen nan ɗan takara tsaye ba takalmi a masallacinmu na Bronx. Kuka ce ashe nan ma ana bin masallatai neman ƙuri'a, to nawa ya ajiye? Ko sisi bai ajiye ba, don da ya gwada sayen ƙuri'a, da shi da wanda ya karɓa duk sai sun amsa tambaya a kotu. Amma zargin naku yana da tushe, domin siyasar garin nan a kan baƙo ta girma.

A 1840 mutanen New York ba su wuce dubu 313 ba, zuwa 1860 sun haura dubu 800. Yunwa ce ta koro da yawansu. Daga 1845 cuta ta cinye dankalin ƙasar Ayilan, kusan mutum miliyan ɗaya suka mutu, masu sauran ƙarfi suka cika jirage. Suka sauka ba gwamnatin da ta tarbe su, masu gari kuma suna ƙyamar su saboda 'yan Katolika ne. Wadda ta buɗe musu ƙofa ita ce Tammany Hall, ƙungiyar da ke juya jam'iyyar Democrat a birnin. Kowace unguwa tana da mutuminta: shi zai samar maka ɗaki, ya cusa ka aikin ɗan sanda ko haƙar titi, ya kawo kwal da sanyi, ya yi belin ɗanka. Wani jigonsu, George Washington Plunkitt, har alfahari yake cewa in gobara ta tashi yakan garzaya wurin, ya tufatar da waɗanda suka ƙone ba tare da tambayar jam'iyyarsu ba. Ranar zaɓe ake biyan bashi.

Gab da zaɓen 1868 alƙalansu sun raba wa dubban baƙi takardar zama ɗan ƙasa cikin 'yan makonni. Ana ma ba da labarin mai gemu da zai jefa ƙuri'a, a rage masa saje ya koma, a bar masa gashin baki ya sake komawa, na huɗu ya je fuska tas.

Kuɗin wannan alheri daga baitulmali yake fitowa, ninkin-ba-ninki. Zamanin William Tweed, shugaban Tammany, aka ware dala dubu 250 don gina kotu, ginin ya lashe wajen miliyan 13. Mai filasta guda an rubuta masa sama da dala dubu 133 ladan aikin kwana biyu. A 1871 jaridar New York Times ta fallasa takardun, Thomas Nast kuma ya addabi Tweed da zanen barkwanci, wanda ya fi yi masa zafi tunda ko wanda bai iya karatu ba yana gane hoto. Tweed ya tsere daga tsare a 1875, aka cafko shi a Sifaniya, ya mutu a kurkuku a 1878. Tammany kuwa ko gezau. Sai da dokar 1924 ta tsuke ƙofar shigowa, La Guardia, abokin adawarta, ya zama magajin gari a 1934, gwamnati kuma ta fara ba talaka tallafi da kanta, sannan Tammany ta fara dusashewa.

Mu yawancinmu mun zo ne bayan cacar bizar da aka kafa a 1990, daga unguwar Nima ta Accra da Kumasi da Yamai da Kano. Aikin da mutumin Tammany yake yi, mu ƙungiyoyinmu ke yi. Baƙo yana sauka wurin mai masauki, 'yan gari su nema masa tuƙin tasi ko gadi. Muna zubi duk wata, a ciki ake biyan kuɗin kabari ko mayar da gawa gida, wanda a nan ba ƙaramin kuɗi ba ne. Wanda 'yan uwansa suka riga suka rufa masa asiri, taliya da sabulu ba za su ɗauke hankalinsa ba. Dattawanmu kan matsa wa duk wanda ya cika shekara biyar da katin zama ya nemi zama ɗan ƙasa ya yi rajista, suna kuma jan kunnen wanda bai samu ba kada ya kusanci akwati, don hakan kaɗai ya isa a kore shi daga ƙasar.

Saboda haka in ɗan takara ya zo, buƙatu ake karanta masa. Da irin wannan naci, tare da Larabawa da 'yan Bangladesh da sauran Musulmi, aka samu hutun Sallah biyu a makarantun gwamnatin birnin tun 2015.

Ba na ce mu waliyyai ba ne, Kawu. Muna da dillalai masu shiga ofis su rantse ƙuri'a dubu na aljihunsu, alhali ko matansu ba su san wa za su zaɓa ba. Abin da suke samowa hoto ne da takardar yabo ta ratayawa a falo, wani lokaci da ɗan aiki ga ɗansu. Matasanmu haifaffun nan sun fara tare su a taro suna tambayar wa ya aike su.

A gaida Gwaggo da yara.