Amsa ga Baffa kan karo-karon zaɓenmu a Jos

Baffa, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, na ga ya fi dacewa in amsa tambayarka a rubuce, domin ranar da muka haɗu wurin ɗaurin aure a Bichi hayaniya ba ta bari na yi maka bayani ba. Ka ce ka ji labarin cewa a unguwarmu ana bi gida-gida ana karɓar kuɗi don ɗan takarar kansila, sannan a tara jama'a a karanto sunan kowa da abin da ya bayar. Ka ce Bahaushe ba ya shelar kyautarsa, kuma a wurinku ɗan takara ne ke ba talaka. Sai wani daga gefe ya ƙara da cewa ai mutanen Jos sun daɗe da narkewa cikin maƙwabtansu. Wannan maganar ta tsaya mini a rai har na dawo gida.

Labarin da ka ji gaskiya ne. A unguwarmu akwai kwamiti da ma'aji da littafi guda, kuma masu shayi da mahauta da dillalan tumatir na Farin Gada da matan aure duk suna ciki. Mun sa iyakar abin da mutum ɗaya zai iya bayarwa, ba ma karɓar kuɗin wanda ya ce a sakaya sunansa, kuma bayan zaɓe ma'aji yana karanto abin da aka kashe wajen sayen fom da buga fosta da man mota da abincin wakilanmu na rumfunan zaɓe.

Dalilinmu yana cikin tarihin garin nan. Tun da gwamnatin Babangida ta ƙirƙiro ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991, kujerar shugabanta ta zama abin ja-in-ja tsakaninmu da Birom da Anaguta da Afizere. An yi rikici a 1994 kan naɗin Aminu Mato a matsayin shugaban riƙo na ƙaramar hukumar, kuma zaɓen Nuwamban 2008 ya ƙare da asarar ɗaruruwan rayuka daga ɓangarorin biyu. A duk irin wannan lokaci zargin da ake fara jefa mana shi ne cewa daga waje ake turo mana kuɗi da mutane. A Kano idan aka ce wani attajiri ne ya tsaya wa kansila, magana ce ta bakin teburin mai shayi, amma a nan irin wannan jita-jita tana iya ƙona gida. Littafin nan shi ne shaidarmu, kuma duk maƙwabcin da ya nemi gani muna buɗe masa. Ban da haka, mun ga yadda ɗan takarar da uban gida ya ɗauki nauyinsa yake komawa bayan an rantsar da shi, domin idan baki ya ci, ido kan ji kunya.

Batun cewa wannan ba ɗabi'armu ba ce shi ne ya fi yi mini ciwo. Baffa, a gidanku ma idan ana biki akwai mai riƙe da takarda tana rubuta gudummawar kowace mace, saboda a san abin da za a mayar. Sadaka ce ake ɓoyewa. Kuɗin takara amana ce, kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, wadda ke cikin Suratul Baƙara, umarni take yi da a rubuta bashi a kafa shaidu. Kakanmu, yayan mahaifinka, ya zo haƙar kuza yana saurayi, kuma har ya rasu yana ajiye lissafin abokan cinikinsa da ajami cikin wata tsohuwar adaka. Daga gare shi na gaji wannan. Mazaɓun Jos ta Arewa ma akwai masu sunan Ali Kazaure da Garba Daho da Ibrahim Katsina, wanda ke nuna tun yaushe muke nan. Na san kuna yi wa Hausarmu dariya saboda wasu yaranmu suna haɗa namiji da mace wajen magana, kuma na san auren mahaifina da 'yar Afizere bai yi wa dangi daɗi ba a lokacin. Amma ƙanen mahaifiyata, wanda Kirista ne, da kansa ya kawo nasa kuɗin a zaɓen da ya wuce, aka karanto sunansa tsakanin sunayen alhazai biyu, kuma da wannan auren bai kasance ba, da ƙafarsa ba ta taka zaurenmu ba.

Abin da muke yi da hannunmu, doka ce ya kamata ta yi. Dokar zaɓe ta 2022, lokacin da aka kafa ta, ta ƙayyade cewa iyakar abin da mai neman shugabancin ƙaramar hukuma a Abuja zai kashe wajen takara shi ne naira miliyan 30, mai neman kansila kuma miliyan 5, ta kuma wajabta wa jam'iyyu miƙa wa INEC lissafin abin da suka kashe cikin wata shida bayan zaɓe, tare da buga shi a jaridu biyu. Sai dai INEC ƙananan hukumomin Abuja guda shida kaɗai take yi wa zaɓe, na jihohi kuwa yana hannun hukumomin zaɓen jiha, irin PLASIEC a nan Filato. Kuma lissafin jam'iyya da ke cikin jarida ba ya gaya wa mai kayan miya wanda ya saya wa kansilansa fom. Abin da nake fata shi ne a wajabta wa kowane ɗan takara manna sunayen masu ba shi kuɗi a mazaɓarsa kafin ranar zaɓe, musamman tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, abin da zai ƙara wa kujerar masu zawarci.

Game da tambayarka ko ba gara gwamnati ta ɗauki nauyin takara ba, ai an gwada. Babangida ya kafa jam'iyyun SDP da NRC a 1989, ya gina musu ofisoshi har a ƙananan hukumomi, kuma a jamhuriya ta huɗu an riƙa ba jam'iyyu tallafi kafin dokar zaɓe ta 2010 ta soke shi, bayan an yi ta kukan cewa wasu don tallafin kawai aka yi musu rajista. Tsarin da ya fi kwanta mini shi ne na birnin New York a Amurka, inda hukuma ke ɗora dala 8 a kan kowace dala 1 ta ƙaramar gudummawar mazaunin birnin, bisa sharaɗin ɗan takara ya bayyana lissafinsa a bincika. Da za a yi haka a nan, da dubu biyun mai shayi ta yi nauyi.

Ka ce idan lokaci ya yi za ka aiko da taka gudummawar saboda zumunci. Na gode, Allah ya saka da alheri, amma ina roƙon kada ka ji haushi idan ma'aji ya mayar maka da ita, domin littafin na masu kaɗa ƙuri'a a mazaɓar ne kaɗai, kuma ko ɗana da ke aiki a Abuja an mayar masa da nasa. Ka gaishe mini da Inna da yara.